Wa ke ciyar da gidajen Kano, mai albashi ko mai fita nema kullum?

Malam Auwalu, Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da nake so mu tattauna a tsanake. Duk lokacin da aka taso da batun tattalin arzikin Kano, abu biyu ake tsayawa a kai. Ko dai a ce mu ne cibiyar kasuwanci, a shiga lissafo Kwari da Singa da Dawanau, ko kuma a koma kan albashin ma'aikata, an biya ko ba a biya ba. A ganina duka biyun ba su taɓo yadda tukunya ke hawa murhu a gidajenmu ba.

A watan Yulin 2024 tarayya ta sa hannu kan naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, a watan Oktoba kuma gwamnatin Kano ta amince da 71,000. An yi murna, kuma abin a yi murna ne. To amma kowa ya duba layinsu. A gida goma, guda nawa ne maigidan ke jiran ƙarshen wata? Ƙidayar 2006 ta ba jihar nan mutum sama da miliyan 9, yau kuwa an wuce nan nesa ba kusa ba, kuma jama'a mai tarin yawa ta cunkushe ne a ƙananan hukumomi takwas na cikin gari: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Mu masu albashi 'yan ƙalilan ne a cikin wannan taro. Mafi yawan mutane sai an fita ake samu, ranar da ba a fita ba kuwa sai bashin mai kanti.

Abin da ke damuna shi ne, ban san wani gari da mutane ke aiki kamar na Kano ba. Tun asuba titi ya cika, har dare ana kai-komo. To me ya sa aikin ba ya riƙe gida? Ina so masu sana'a su yi magana da bakinsu.

Baban Amira, Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam Malam. Ka kawo magana mai kyau, sai dai kada ka raina kasuwa a lissafinka, don ita ce ma'aikatarmu. Shago ɗaya a Kwari ba mai shi kaɗai yake ci da shi ba. Akwai yaran shago, akwai 'yan dako masu sauke dila, akwai dillalin da zai tarbo baƙo tun daga bakin hanya ya kawo maka shi, akwai mai tebur a ƙofar shagon da ke karɓar kaya a wurinka ya sayar ya kawo kuɗi da yamma, akwai mai kawo abinci, akwai telan da ke jiran wanda ya sayi shadda. Kowannensu yana da iyali. Idan shago ya yi ciniki, duk waɗannan gidajen sun ɗora tukunya.

Abin da ya same mu shi ne jari ya narke a hannu. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Kayanmu kuwa galibi da dala ake sayo su, farashin Wapa, kasuwar 'yan canji, shi ne farashinmu. Za ka sayar da kaya ka ga riba a littafi, ka koma sari ka tarar kuɗin da ya sayo maka dila goma yanzu biyar ma da ƙyar. Ga kuma baƙinmu na Nijar. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe daga ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Duk wanda ke Kwari ya san me mutanen Maraɗi da Damagaram ke nufi ga cinikinmu, haka ma 'yan Chadi da Kamaru. Ranar da baƙo bai shigo ba, ɗan dako shi ne farkon wanda zai koma gida hannu rabbana.

Sadiya, ɗalibar tattalin arziki:
Malam Auwalu, da izininka zan ƙara wani abu a kan tambayarka. Idan ka ɗauko alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, za su ce maka kusan kowa na da aiki. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A farkon 2023 sai ya zama kashi 4.1. Ba ayyuka aka samar ba, ma'aunin aka canza. A sabon tsari, duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na awa ɗaya a cikin mako ana lissafa shi mai aiki. Yaron da ya yi dako sau ɗaya a 'Yan Kaba ya shiga sahun masu aiki ke nan.

Amma a cikin rahotannin nasu akwai adadin da ya fi wannan faɗar gaskiya: sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya ba sa ƙarƙashin tsarin da ke da takardar ɗauka, ko hutu, ko fansho. Wannan shi ne hoton Kano sak. Ba zaman banza ne matsalarmu ba. Aikin ne ba shi da tabbas, kuma abin da yake kawowa bai taka kara ya karya ba. A rahoton talauci na 2019 an sa iyakar talauci a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato ƙasa da naira 400 a rana, kuma ko da wannan ƙaramin ma'aunin, fiye da rabin mutanen jihar Kano suna ƙasansa. Wannan fa kafin cire tallafin mai ne.

Nura ɗan sahu:
Anti Sadiya Allah ya ƙara ilimi. Maganar awa ɗaya ta ba ni takaici wallahi. Mu da muke fita tun bayan sallar asuba har bayan isha fa, a wane layi za a sa mu?

Bari in faɗa muku yadda sana'armu take, don mutane na ganin ɗan sahu kullum da kuɗi a hannu. Yawancinmu babur ɗin mai ƙafa uku, wato a daidaita sahu, ba namu ba ne. Wani balas yake kaiwa kullum, wani kuma biya sannu a hankali aka ba shi a kan kuɗin da ya zarce farashin kasuwa sosai, kafin ka gama biya injin ya gaji. Idan ka fito, farko sai ka haɗa kuɗin mai, sannan na mai babur, sannan kuɗin haraji da na ƙungiya, abin da ya yi saura shi ne na cefane. Mai babur ba ruwansa da an yi ruwan sama ko ka kwana da zazzaɓi. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kwana kaɗan ta wuce 500, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Fasinja kuma ba zai iya biyan ninki biyar ba, shi ma ba a ninka masa komai ba.

Sannan mun yi yawa. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, duk wanda ke kan babur mai ƙafa biyu ya dawo sahu. Wanda ya gama karatu bai samu aiki ba, sahu. Wanda jarinsa ya karye, sahu. Ɗan ci-rani, sahu. Daga 2022 kuma aka ce kada a wuce ƙarfe goma na dare.

Abba Hotoro:
Nura mu faɗi gaskiya, ku ma kuna matsa wa talaka. Tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sai a yanka maka kuɗi, kuma a cusa mutum biyar a babur ɗaya.

Nura ɗan sahu:
Yaya Abba akwai masu yin haka, ban musa ba. Amma ka tuna yajin aikin da muka yi a 2021 da na farkon 2022. Gari ya tsaya cak, ɗalibai da 'yan kasuwa suka koma tafiya a ƙasa. Wannan ya nuna maka babu wata motar haya ta gari da ta isa ta ɗauki jama'ar nan. Talaka ne ke ɗaukar talaka, shi ya sa kullum rigimar tsakaninmu take ƙarewa, a kan naira hamsin.

Baba Iliya, Dakata:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Jikana ne ke rubuta mini. Abin da Nura ya faɗa na cewa kowa ya koma sahu yana da tushe, kuma tushen yana Bompai da Sharaɗa da Challawa.

A zamaninmu yaro ya gama firamare ko sakandare, ya tafi ƙofar kamfani ya tsaya, a ɗauke shi. Masaƙu, kamfanonin jima, na alewa da biskit, na roba, na kwanon sha, na man gyaɗa, na sabulu. Aiki kashi uku ake yi, na safe, na rana, na dare. Lokacin tashi idan ka ga kekuna a kan titin Bompai sai ka ɗauka sallah ake. Albashin ba yawa gare shi ba, amma ka san ranar da zai zo. Da shi mutum zai yi aure, ya sayi fili a Dakata ko Kawaji ko Sheka, ya ɗora ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. Unguwanni da yawa da kuke gani yau leburorin kamfani ne suka kafa su.

Daga 1986 da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadarai suka yi tsada. Wuta ta lalace, kowane kamfani ya koma janareto da baƙin mai. Sannan aka buɗe ƙofa, atamfar waje ta shigo ta halal da ta fasa-ƙwauri. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa kulle ƙofa. Yau wasu gine-ginen sun zama rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje.

Abin da nake so matasa su gane, garin nan da sana'ar hannu ya yi suna kafin saye da sayarwa. Karofin Ƙofar Mata tun 1498 yake. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufar da aka saƙa aka rina a nan take kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ƙirgi da fatar Kano sun ƙetare sahara. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911 gyaɗa ta ɗaga garin, har aka yi dalar gyaɗa. Kullum akwai abin da muke yi da hannunmu mu sayar wa duniya. Yanzu mun zama masu tallan kayan wasu. Baban Amira ka yi haƙuri, amma atamfar da ke shagonka a ina aka buga ta?

Baban Amira, Kantin Kwari:
Baba Allah ya ƙara girma, ba zan yi jayayya da kai ba, yawancinta daga Sin take. Amma ɗan kasuwa abin da mai saye zai iya biya yake kawowa. Uwar da za ta yi wa 'ya'ya biyar kayan sallah ba za ta tambaye ni inda aka buga ba, nawa ne za ta tambaya. A ba masaƙa wuta mai araha da auduga, wallahi mu ne farkon masu layi a ƙofarta, mun huta da neman dala. To a watan Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar masu layin farko, wato Band A, naira 225 kowane ma'auni, daga ƙasa da 70. Wane mai masana'anta ne zai yi gogayya da ɗan Sin a haka?

Baba Iliya, Dakata:
Wannan gaskiya ne ɗana. Ban ɗora maka laifi kai kaɗai ba. Kuma ba komai ne ya mutu ba, ina ganin kamfanonin shinkafa da na roba da na ruwan leda suna aiki. Sai dai yadda suke ɗaukar yara yanzu ba irin namu ba ne. Aikin kwana-kwana ne, a biya ka na yini ko na mako, ranar da babu wuta ko babu shanshera a ce ka koma gida. Ba takarda, ba asibiti, ba sallama.

Maman Walid, Rijiyar Lemo:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, maza sai lissafin kasuwa da kamfani da titi kuke yi, babu wanda ya leƙo cikin gida. Malam Auwalu ka tambayi wa ke ciyar da gidajen Kano. To ka shiga kowane lungu da hantsi ka ji ƙamshi. Wannan gidan awara, wancan alala, na gaba ɗanwake, na kusa da shi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wata taliyar murji take yi, wata ɗinkin hula, wata kitso da lalle, wata haɗa turaren wuta da humra, wata sayar da itace da gawayi, wata ƙulla omo da gishiri da magi. Wadda ba ta da jari tana wankau ko surfe ko aikatau a gidan masu hali. Yanzu kuma ga 'yan mata masu sayar da atamfa da mayafai da kayan kicin ta WhatsApp, ba shago ba haya, ɗan sahu ne ke kai saƙo.

Idan mai ƙidaya ya zo ƙofar gida, maigida zai tarar, ya tambaye shi sana'ar matarsa, shi kuma ya ce ba ta aiki, tana gida. Alhali kuɗin makarantar Islamiyya daga hannunta yake fita, sabulu daga hannunta, maganin zazzaɓin yara daga hannunta, kuɗin tara na safe daga hannunta. Maigida zai ajiye abin da ya samu ya fita, ko ya isa ko bai isa ba, ita ce za ta san yadda za ta yi a ci da rana. Kayan ɗakin 'ya mace kuwa, uwa ce ke fara tara su tun yarinya na firamare, da adashi.

Kuma mu tsadar nan ta fi dukanmu, don jarinmu ƙarami ne kuma a cikin gida yake. Mai awara idan waken suya ya tashi, man suya ya tashi, gawayi ya tashi, ba za ta iya ƙara kuɗi ba don yaran unguwa ne masu saye, sai dai ta rage girma har ta ji kunya. Ranar da maigida ya dawo babu, daga jarin za a ci. Sau biyu sau uku, sana'a ta mutu. Na san mata da yawa da suka sayar da firji saboda babu wutar da za a yi ƙanƙara da zoɓo, wasu suka sayar da keken ɗinki aka biya haya.

Maganar talla kuma da ake zaginmu a kai, ni ma ba na so in ga yarinya da faranti a ka lokacin makaranta. Amma matar da ba ta fita, wa zai kai mata kayan bakin titi? A samar mana hanyar da kayanmu za su isa kasuwa ba tare da yaran ba, ku gani ko akwai uwar da za ta zaɓi talla a kan aji.

Sadiya, ɗalibar tattalin arziki:
Mama kin gama magana. Ko a aji ana koya mana cewa irin wannan aikin na cikin gida shi ne mafi wuyar shiga lissafi, kuma abin da bai shiga lissafi ba, ba a yi masa tanadi a kasafi. Shi ya sa tallafi idan ya zo sai a raba wa mata 'yan dubbai a taro a ɗauki hoto, alhali abin da mai awara ke buƙata wuta ce, da ruwan famfo, da asibitin da ba zai cinye jarinta ba ranar da yaro ya kwanta.

Malam Auwalu, Gwale:
Maman Walid na karɓi wannan, kuma ina roƙon maza su sake karanta shi. Bari in ƙara da ɓangaren masu albashi, don kada a ɗauka mu mun tsira. Ku raba 71,000 gida talatin, bai kai naira 2,400 a rana ba. Idan gidan mutum takwas ne, kowa bai samu 300 ba, kuma ba a cire haya da kuɗin mota da ruwan 'yan garuwa ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, wato ƙarin ya iso ne bayan tsada ta riga ta cinye shi.

Shi ya sa a Kano da wuya ka samu ma'aikaci mai sana'a ɗaya. Malamin makaranta da safe, da yamma yana rumfar POS ko yana jan sahu ko yana koyar da yaran masu hali a gida. Masinja a ofis, dillalin filaye a unguwa. Kuma mai albashi ba na gidansa ba ne shi kaɗai. Dangi sun san ranar da ake biya. Ƙanwa da aka saki ta dawo da yara, mahaifiya a ƙauye, ɗan yaya da ke neman kuɗin jarrabawa, maƙwabcin da matarsa ke naƙuda. Ba za ka iya rufe ido ba, kuma bai kamata ka rufe ba, don wannan zumuncin shi ne kaɗai inshorar da talakan Kano yake da ita. Amma yana nufin albashi ɗaya gida uku yake shiga.

Ga haya kuma. Tsadar gida a cikin gari ta tura mutane Ɗorayi, Gaida, Bachirawa, Rimin Kebe, Ɗanbare, har gaba. Ka samu sauƙin haya, kuɗin mota ya karɓe sauƙin, don neman yana Kwari da Sabon Gari da Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa.

Abba Hotoro:
Malam, tunda kai ka kawo lissafin mutum takwas, bari in faɗi abin da ake gudu. Muna tara iyalin da ya fi ƙarfinmu. Mutum na hannu baka hannu ƙwarya, ya ɗan samu sarari na wata uku sai ya ƙaro aure. Yara goma sha a ɗaki biyu. Ko dala ta dawo naira ɗaya wannan gidan ba zai wadatu ba. Ba komai ne laifin gwamnati ba.

Hajiya Ladi, Yakasai:
Abba ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Namijin da zai ƙaro mata bai iya ciyar da ta farko ba ya zalunci kowa, kuma addini bai ce a yi haka ba, malamai na faɗa kullum. Mu mata mu muka fi kowa sanin zafin wannan, mu ake bari da yaran. Amma kada ka mayar da shi dalilin komai. Ina da maƙwabta mata ɗaya da 'ya'ya uku, miji tela ne mai ƙwazo, kuma suna cikin matsi saboda rabin yini babu wuta, mai kuma ya fi ƙarfin janareto. Shi wane aure ya ƙara? Sannan a gidan da babu fansho babu komai, iyaye na kallon 'ya'ya a matsayin masu riƙe su gobe. Kafin ka ce wa mutum ya rage, nuna masa abin da zai dogara da shi idan ƙarfinsa ya ƙare.

Abba Hotoro:
Hajiya na ji, kuma na yarda da misalin telan. Amma ina nan a kan bakana cewa dole mu riƙa faɗa wa junanmu wannan a majalisa da masallaci, ba sai an jira hukuma ba.

Ɗanjuma, Dawanau:
Ni ta ɓangaren abinci zan shigo, don a gidan talaka mafi yawan abin da aka samu ciki yake tafiya. Kuma talaka ya fi mai kuɗi sayen abinci da tsada. Mai hali zai zo Dawanau da kaka ya ɗauki buhunan masara da gero da wake na shekara. Mai nema kullum sai dai kwano, wani lokacin rabin kwano, wani lokacin gwangwani, a wurin mai kantin unguwa, kuma bashi. Kafin hatsi ya taso daga buhu ya zama gwangwani ya bi hannu uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa.

A farkon 2024 da abinci ya yi tashin gwauron zabi, mu aka nuna da yatsa, har hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiha ta rufe wasu rumbuna bisa zargin ɓoye kaya. Ban ce babu masu ɓoyewa ba. Amma ku tuna kuɗin dakon mota daga ƙauye ya ninka, manoma da yawa a Zamfara da Katsina ba sa iya zuwa gona saboda 'yan bindiga, kuma faɗuwar naira ta sa hatsinmu ya yi wa baƙi masu sefa araha. Daga baya gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, a 2025 farashin hatsi ya sauko, mutanen gari suka ɗan numfasa. To sai kuka ya koma ƙauye. Manomin Kura ko Bunkure da ya sayi taki da tsada ya sayar da amfani da araha, baɗi ba zai noma kamar bana ba. Ɗansa kuma ina zai nufa? Kano, ya zo ya yi dako ko garuwa ko gwangwan ko ya karɓi sahu, ya ƙara wa su Nura yawa. Cikin gari da ƙauye igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Nura ɗan sahu:
Wallahi haka ne Yaya Ɗanjuma. Da an gama girbi za ka ga sababbin fuska a kan titi, ba su ma san hanya ba, fasinja ke nuna musu.

Sadiya, ɗalibar tattalin arziki:
Ina da tambaya ga Baban Amira. A da ana cewa kasuwa ita ce makarantar da ke fitar da mutum daga yaron shago zuwa mai shago. Har yanzu wannan tsani yana aiki? Don idan yana aiki, to aikin da ba shi da takarda ma yana da makoma. Idan kuwa ya karye, matasan da ke cika kasuwanninmu a tsaye kawai suke.

Baban Amira, Kantin Kwari:
'Yata kin taɓo inda ke mana ciwo. Ni kaina yaron shago ne, maigidana ya riƙe ni shekaru, ya yi mini aure, ya ba ni kaya bashi na buɗe tebur, daga tebur na kama shago. Haka akasarin sa'o'ina suka taso. Yanzu abin ya yi wuya ta fuska biyu. Hayar shago a Kwari ta kai inda yaro ba zai iya kamawa da ɗan abin da aka sallame shi da shi ba, kuma jarin da zai cika ko tebur ne ya ninka sau da yawa. Shi kansa maigidan yana fama ya riƙe nasa jarin, ina zai yanki wani ya bayar? Sai ka ga mutum ya haura shekara talatin da biyar, da mata da 'ya'ya, har yanzu yaron shago ne, kuɗin abincin rana da na mota ake ba shi, sai ɗan ihsani da sallah.

Amma ba zan wanke mu duka ba. Akwai iyayen gida da Allah ya buɗa musu sosai, suna gina filaza suna zuwa Umara duk shekara, yaransu kuwa ba ranar sallama. Babu rubutu tsakaninsu, babu shaida, ranar da aka saɓa sai a ce yaro ya yi sata a kore shi hannu wofi. 'Yan uwanmu Inyamurai da ke Sabon Gari suna yanka wa yaro shekarun da zai yi tun ranar da aka kawo shi, a gaban iyayensa, kuma idan lokaci ya cika a sallame shi da jari. Mu ma da muna da irin wannan amana ko ba a rubuta ba, kunya da tsoron Allah ke tsare ta. Tunda ta yi rauni, ni ina goyon bayan ƙungiyoyin kasuwa su sa a riƙa rubutawa: shekara nawa, me za a ba shi a wata, me za a sallame shi da shi, shugaban layi da waliyyin yaro su sa hannu. Na kawo wannan a taron layinmu, wasu suka ce zai sa yara su raina iyayen gidansu. Na ce musu yaron da ya san ranar sallamarsa ya fi kula da dukiyarka a kan wanda bai san makomarsa ba. Za mu sake zama bayan sallah, kuma zan sake tayar da maganar. Idan akwai 'yan Singa ko Wambai ko Farm Centre a zauren nan da suka riga suka gwada irin wannan rubutun, don Allah su faɗa mana yadda suka tsara shi da kuma inda ya ba su matsala.